Hoton Rana a Tsakiyar Girbi

A shekarun da nake magana, namijin Matameye mai ƙarfi a jika ba ya zaman rani a gida. Da an kai gero rumbu, an sayar da gyaɗa, sai mu ɗaure 'yan kayanmu mu tsallaka iyaka. Wasu su yi ga-ruwa a Kano, wasu dako, wasu yankan farce. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da wani mai shagon ɗaukar hoto. Da fari shara nake yi masa da ɗebo ruwa. Da ya ga hannuna ba ya rawa, sai ya shigar da ni ɗakin duhu ya koya mani wankin hoto. Lokacin ban daɗe da aure ba, matata tana gida tare da iyalin yayana, wanda shi ke riƙe da gandunmu tun rasuwar mahaifinmu.

Cikin masu kawo mana wanki akwai wani akawu da ke aiki a ofishin duba yanayi na filin jirgin sama. Mutum ne mai son hira. "Ɗan Faransi" yake ce mani, kamar yadda Kanawa ke kiran duk wanda ya fito daga wajenmu. Wata rana ana gab da faɗuwar damina, ya zo karɓar hotunansa, ya tambaye ni ainihin garinmu. Da na ce Matameye, sai ya ajiye hotunan.

"Kai, ashe kana da rabo. Bana da kaka za a yi husufin rana a ƙasarku. Masana har sun fara shirya kaya, za su zo da manyan akwatunan hoto su ɗauka."

Na yi dariya, na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya sanar da su? Zazzaɓin rana ai ba ya sallama."

Bai ji haushi ba. Ya ce in kunna fitilar da ke kan tebur, ya ciro goro daga aljihu ya riƙe tsakanin fitilar da fuskata, ya ce in rufe ido ɗaya. Harshen wutar ya ɓace mani ɓat. Ya ce in ɗan karkata kai. Na karkata, sai na ga gefen wutar ya leƙo.

"Fitilar ita ce rana, goron wata, kanka kuma duniya. Inda inuwar goron ta faɗa sosai, nan ake yin duhu. Wanda ke gefe, sai ya ga saura. Tafiyar wata da ta rana kuwa an daɗe ana bin sawunta, shi ya sa ake sanin ranar."

Na tambaye shi abin da masanan ke nema a cikin duhu. Ya ce akwai wani farin haske da ke kewaye da rana kamar rawani, kullum yana nan, amma ƙarfin ranar ba ya bari a gan shi. Sai wata ya rufe ta ruf yake bayyana, na ɗan lokacin da bai kai a sha kofin shayi ba. Don wannan ɗan lokacin ne mutane ke ƙetaro teku, suna son su san mene ne shi, da kuma yadda zafinsa yake. Ya ce inuwar za ta ratsa ta arewacin Zinder, wajen Damargu, ta gangara tafkin Chadi. Matameye tana gefe, za mu ga kusan duka ta rufe, amma ba za mu ga rawanin ba. Ya faɗa mani ranar, wata Juma'a ce. Ya kuma ja mani kunne ƙwarai: kada kowa ya kalli ranar da ido tsirara, ko da saura ƙiris ta rage, don tana ƙona ido ba tare da mutum ya ji zafi ba.

Na wuni ina wanki, hankalina yana kan goron nan. Mutane za su taso daga wata uwa duniya su ɗauki hoton abin da zai faru a bisa kanmu, ni kuma da na iya ɗauka na iya wanki in zauna ina ji a bakin wasu? Kafin a rufe shago na gaya wa ubangidana cewa ina so in je Damargu in ɗauko hoton. Ya dube ni ya ce rana ba amarya ba ce da za ta zauna a ɗauke ta, ƙona fim kawai zan yi. Amma ranar da zan taho gida ya ba ni aron wani tsohon akwatin hoto da ya daina aiki da shi, da fim naɗi ɗaya, da wasu gilasan hoto da suka lalace. Ya ce in turara su da hayaƙin fitila har su yi baƙi, in riƙa sa su a gaban idon akwatin.

Na iso gida an yi ruwan shuka. Sai da muka gama noman farko na sami Yaya shi kaɗai a gindin gawo na faɗa masa. Ya saurare ni har ƙarshe yana kankare fartanya da tsinke.

"Wane wata ka ce?"

Na faɗa masa.

"Tsakiyar girbi ke nan. Ka tafi Damargu kallon sama, gero yana zube a ƙasa, gara tana ci? Mu biyu ne maza a gidan nan."

"Yaya, kwana kaɗan ne."

"Kwana kaɗan na kaka ba irin na rani ba ne."

Na tashi na bar shi. Bayan sati na koma masa, bayan wani satin na sake komawa. A ƙarshe ya gaji ya ce, to, ga sharaɗi: babbar gonarmu ta yamma, in na girbe ta, na yanke, na ɗaure dammunan kafin satin tafiyar, in kama hanya. Shi zai ji da ta kusa da gida da kuma gyaɗa. Na san ya faɗi haka ne don yana ganin ba za ta yiwu ba. Na ce na yarda.

Magana ba ta ɓuya a garinmu. Kafin gero ya fid da kai an sa mani suna Mai Hoton Rana. In na wuce majalisa sai wani ya ce in gaishe da rana in mun haɗu. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne da na ji ana cewa na dawo daga Kano ina da'awar sanin gaibu. Sai na tafi wurin limamin gari, tsoho ne da ya karantar da mahaifinmu. Na durƙusa na zayyana masa komi, har da goron da fitilar.

Ya ce, "Wanda ya halicci rana da wata bai sake su suna yawo barkatai ba. Wanda ya lissafa tafiyarsu bai san gaibu ba, lissafi ya yi. Amma mai lissafi yana kuskure. Ni ba zan hau mumbari in ce za a yi husufi ba. In an yi, za mu yi salla."

"Allah gafarta Malam, batun idon mutane fa? An ce wanda ya kalla zai iya makancewa."

"Wannan ka faɗa wa kowa, ka ce ni na sa ka."

Da wannan izinin na riƙa bin majalisu da bakin rijiya. Matata kuma ta ɗauki nata ɓangaren, tana gaya wa mata a wurin daka da gidajen suna. Wasu su ji, wasu su yi mata dariya.

Gero ya nuna. Na shiga gonar yamma ni kaɗai. Ina fita da an sallame asuba, ba na dawowa sai rana ta yi ja. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Ƙaiƙayi ya cinye mani wuya. Da matata ta ga yadda nake dawowa, sai ta daina aiko mani da fura, ta riƙa kawowa da kanta, in ta zo kuma ba ta komawa. Ina yanka tana tarawa, muna ɗaurewa tare. Wata rana muna hutawa ta ce, "Maigida, in ka je can ba a yi ba fa?"

Na ce, "Sai in dawo a yi mani dariya. Amma in an yi ina nan zaune, ni zan daɗe ina jin haushin kaina."

Ta ce, "To tashi, rana na yi."

Da yamma kuma ina fama da gilasai. Wasu sun fashe tun a hanya, sauran na riƙa turara su a kan fitila, wani baƙi ƙirin, wani da sauƙi, don ban san wanda zai dace ba, ba ni kuma da maganin wanki balle in gwada. Saita akwatin ma ya zame mani aiki, tunda ba a leƙa rana. Bayan 'yan kwanaki ina juya abin, na liƙa tsinke a goshin akwatin da ƙaro, yana kallon inda idon ke kallo. In inuwar tsinken ta ɓace, na san idon yana kan rana. Wurin zamansa kuwa matata ce ta kawo ƙwarya cike da tsabar gero, muka nutsa gindinsa ciki. Duk yadda aka karkata shi, haka yake tsayawa.

Mun ɗaure damin ƙarshe ana saura 'yan kwanaki. Yaya ya zo ya zagaya gonar, ya taɓa ɗaurin nan ya taɓa wancan. Bai yaba ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce, "Wace mota za ka bi?"

Akwai wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, da ke zuwa Zinder, mun yi da shi zai ɗauke ni ranar Laraba, daga can in nemi ta arewa. Ranar Talata aka yi wani ruwa mai ƙarfi irin na bankwana. Da safe na iske kamyon a tasha an cire masa ƙafa, ƙarfen ƙasa ya karye a cikin laka a hanyar dawowa. Direban ya ce sai an aiko da wani daga Zinder, ba ranar zuwansa. Ban tsaya ba. Na saɓa kayana na bi hanya da ƙafa har garin Kance, na zauna bakin hanya ko wata mota za ta ɓullo. Na kwana gidan wani abokin mahaifinmu, na sake fitowa. Har azahar ta Alhamis ba abin da ya wuce sai jakai da raƙuma. Na lissafa, ko yanzu mota ta zo, ba zan kai Damargu kan lokaci ba. In na ci gaba da zama, husufin zai same ni a kan hanya, ba wurin kafa akwati.

Na juyo gida. Ban taɓa jin nauyin tafiya irin ta ranar ba. Na shiga gida da magariba, ina jiran Yaya ya ce wani abu. Ya dubi ƙafafuna, ya dubi kayan.

"A nan ba za a gani ba ne?"

"Za a gani, amma ba duka ba."

"To ka ɗauki wanda Allah ya ba ka. Ina kake son a kafa abin?"

Da safe shi da kansa ya mirgino babban turmi zuwa filin da ke bayan gidanmu, inda ba itacen da zai tare sama, muka kife shi muka ɗora ƙwaryar.

Juma'a ce, kuma ranar kasuwarmu, gari ya cika da mutanen ƙauyuka. Da hantsi gajimare ya taso daga gabas, na riƙa kallonsa. Wajen tsakar rana ya yayyage ya wuce. Na haɗa gilasai biyu masu baƙi na ɗan leƙa. Rana lafiya lau. Na jira, na sake leƙawa. Sai na ga gefenta ya ɗan ɓalle, kamar an gatsi waina. Na miƙa wa Yaya. Ya leƙa, ya sauke, ya ce, "La'ilaha illallahu." Daga baya na sami labarin cewa ko gilashin hayaƙi ba kariya ce cikakkiya ba, Allah ne dai ya tsare mu, don ba mu daɗe muna kallo ba.

Na ɗauki hoto na farko, na murɗa fim, na ruga wurin liman da gilashin. Ya leƙa sau ɗaya ya mayar mani. Ya ce a kira salla, za a gajarta huɗuba, in an idar da Juma'a a tashi ta husufi. Nan na gane abin da ke gabana. Lokacin da rana za ta fi rufewa, lokacin ne za a kasance cikin sahu.

Na dawo wurin turmin a guje. Na yi wata huɗu ina jiran wannan sa'a, amma ban ga yadda zan yi in bar Juma'a ina jin kiran salla ba, bayan ni na je na faɗa wa liman. Na kira matata.

"Kin ga yadda nake yi. Ki juya akwatin har inuwar tsinke ta ɓace. Ki riƙe gilashi a gaban idon, ki danna nan, ki murɗa nan. Kada ki ɗaga kai."

"In na ɓata fa?"

"In kin ɓata, mun ɓata tare. In kin ga duhu ya fi yawa, ki danna."

Ta gyara ɗaurin zanenta ta tsaya a gaban turmin.

Na sami sahun ƙarshe, a waje, ƙarƙashin wata tsamiya. Ana huɗuba haske yana canzawa. Ba irin duhun magariba ba ne, wani haske ne fatsi-fatsi mara ƙarfi, kamar an tsarma shi da ruwa. Zafin da ke dukan ƙeya ya janye, wata iska mai sanyi ta taso. Daga kasuwa muna jiyo hayaniya, ana kiɗan gwangwani da ƙwarya, jakai suna kuka, wata mata tana ƙwala wa 'ya'yanta kira. Da na sunkuyar da kai, sai na ga hasken da ke ratsowa ta ganyen tsamiyar ya zuba a kan tabarmi da rigunan mutane, kowane ɗigo ya zama ɗan jinjirin wata. Ba iyaka, har a bayan hannuna. Tsohon da ke gefena ya riƙa shafa rigarsa yana son ya kakkaɓe su.

Liman yana sallamewa na tashi. Ban nemi takalmana ba. A hanya na ga kaji sun taru a gindin danga, na kuma hangi tauraro guda yana ƙyalli a yamma da rana, da rana tsaka. Na iske matata inda na bar ta, hannunta duk baƙin hayaƙi.

"Na danna sau biyu," in ji ta. "Na farkon hannuna yana rawa."

Na leƙa. Ranar ta zama siririya kamar yankan farce, amma ta fara komowa. Na karɓi akwatin na ci gaba da ɗauka, ina canza gilasai, har fim ya ƙare. Sannan na koma masallaci na sami sauran sallar husufi, don liman ya ja karatu sosai.

Da yamma mutane suka cika ƙofar gidanmu, kowa yana son ganin hoto. Na ce sai an wanke, wankin kuma sai Kano. Wasu suka ce ai sun san za a rina. Na naɗe fim ɗin a tsumma na sa a gwangwani, matata ta ajiye shi a bayan randa inda ya fi sanyi. Muka koma kan gyaɗa. Ba wanda na ji ya makance a cikin gari, sai wani mai sayar da gishiri daga ƙauye da aka ce ya daɗe yana ganin baƙin ɗigo a idonsa.

Sai da aka gama kaka na tsallaka. Ranar da na isa shago ban ko huta ba, na roƙi ubangidana ya bar ni in wanke da hannuna. Ya tsaya a bayana cikin ɗakin duhu. Da muka ɗaga fim ɗin, yawancinsa ba komi. Inda gilashi ya yi sauƙi, rana ta ƙone wurin. Inda ya yi baƙi da yawa, ko alama babu. Na farkon matata ya fito kamar tsutsa, saboda rawar hannu. Na biyunta kuwa ga shi nan tsaf, ɗan lauje siriri, bai kai ƙwayar shinkafa ba a tsakiyar baƙi. Cikin nawa guda biyu sun fito, ranar ta riga ta yi kauri. Ubangidana ya sa a na'urar ƙara girma, muka buga su a takarda. Ya daɗe yana duban siririn, sannan ya ce gobe in fara zama a gaban shago ina ɗaukar mutane, wanki kuma mu raba.

Da akawun ya zo na shimfiɗa masa su a tebur. Na gaya masa ban kai Damargu ba, ban ga rawanin ba, kuma mafi kyawun ba ni na ɗauka ba. Ya jera su bisa yadda ranar ta riƙa buɗewa, ya tambaye ni wanne aka ɗauka kafin salla, wanne bayanta. Ya ce cikin masanan ma akwai waɗanda suka yi tafiya mai nisa da kaya niƙi-niƙi, gajimare ya rufe su a daidai lokacin, suka koma hannu wofi. Waɗanda suka samu kuma suna can suna aunawa, aikin zai ɗauke su shekaru. Ya roƙi guda ya kai ofishinsu. Na ba shi ɗaya daga cikin nawa, na hana shi siririn.

Da damina ta kawo na koma gida da shi a cikin littafin addu'o'ina don kada ya lanƙwashe. Yaya ya karɓa ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wannan ɗan abin ne ya sa na kusa kashe kaina a gonar yamma? Amma ya sa a aljihu ya fita da shi majalisa, bai dawo da shi ba sai bayan isha'i, gefensa duk shatin yatsu. Liman ma ya aiko a kai masa.

Matata ce ta ƙarshen gani. Ta goge hannu a zane ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ranar husufin ba ta ɗaga kai ko sau ɗaya ba, kamar yadda na ce mata, inuwar tsinke kawai ta yi ta kallo. Sai a takardar nan ta ga abin da ya faru a bisa kanta.

"Haka rana ta koma?"

"Haka ta koma. Ke kika ɗauka."

Ta ƙara dubawa, ta ce, "Ya ɗan karkace. In za a sake, ka faɗa mani da wuri in koyi riƙe gilashin."